RIGATA SAU ƊAYA A SHEKARA, KOGI KUWA KULLUM

Ya ku malamai masu allo, da ku alhazai da fatake masu bin ruwa da kaya, ga wata magana wadda ta daɗe tana yawo a bakin gaɓa tun daga Yelwa har Wara, ba ta kuwa sami mai shigar da ita zaure ba.

Maganar ita ce kukan da masu filafili suke yi, watau samarin da suka iya tuƙi da iyo da nutso, da dattawan da suka koya musu. Suna cewa wurin da aka saba koyon ruwa yana mutuwa a hannunsu suna kallo. Dā kowace unguwa ta bakin Kwara tana da mashayarta, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, yara suna shiga da hantsi da la'asar, akwai babba a zaune bisa gindin jirgi yana duban su, yana tsawata wa wanda ya yi nisa. Akwai tsohon kwalekwale wanda aka bar wa yara, su kife shi, su tashe shi, su kwarfe ruwan, su sake hawa. Yau fa, in ji su, mashayar tana nan amma ciyawa da leda sun cinye ta, kwalekwalen ya ruɓe ba mai toshe shi, babban da ke zama ya tsufa ko ya rasu, ba a kuwa naɗa wani ba. Samarin da ya kamata su gaje shi, waɗansu sun tafi ramin zinariya, waɗansu sun hau babur. In an tara su sau ɗaya a shekara domin biki, sai a ga waɗanda suka iya ɗin nan dai su ne na bara, su ne na bariya, ba sabon hannu a cikinsu.

Wani zai ce, ina ruwan malami da wasan yara? To, a yi haƙuri a ji.

Irin wannan kuka ba a ƙasar Yauri kaɗai ake yin sa ba. A Ingila da Jamus da Amurka akwai waɗansu gidaje na mamaki, inda ake gina bango mai tsawo a cikin ɗaki, a kakkafa masa mariƙai kamar ƙananan duwatsu, a shimfiɗa katifu a ƙasa, a rataya igiyoyi daga sama. Mutane su riƙa biyan kuɗin wata, suna zuwa suna hawa domin ƙarfin jiki da koyon hawan dutse. Ɗaya daga cikin bangayen farko na wannan iri an gina shi a jami'ar Lidis ta Ingila cikin 1964, shekarar da aka soma aikin madatsar Kainji ke nan. Abin ya bunƙasa har aka shigar da shi wasannin duniya na Olimfik da aka yi a Tokiyo cikin 2021. Bahaushen da ya ga ana hawan giginya da igiya ɗaya, ko ana hawan kuka bisa turakun da aka kafa a jikinta, ko ana rataya amya a ƙololuwar ɗorawa, lalle zai yi dariya ya ce, ashe har wannan ma sai an biya? Amma abin lura shi ne yadda gidajen nan suke lalacewa in sun tashi lalacewa. Ba rufe ƙofa ake yi rana ɗaya ba. Sai mariƙai su yi santsi ba a wanke ba, hanyoyin hawa su daɗe ba a sāke su ba, katifa ta yage a bar ta, gwanin da ke koya wa baƙi ya bar aiki a kawo wanda bai sani ba, alhali kuɗin wata yana ƙaruwa. Masu zuwa su yi ta gunaguni a tsakaninsu, sa'an nan su riƙa janyewa ɗaya ɗaya. Ginin yana tsaye, suna yana rubuce a ƙofa, amma gidan ya riga ya mutu.

Haka mashaya take mutuwa. Sai dai akwai bambanci guda, babba kuwa. Baturen da gidan hawansa ya lalace, abin da ya rasa nishaɗi ne. Mutumin Ngaski ko Shanga wanda ɗansa ya tashi bai iya ruwa ba, abin da ya sa a hatsari rai ne, gama tilas yaron nan zai shiga jirgi, ko zuwa kasuwa, ko zuwa gona, ko zuwa biki, ko kai gawa.

A duba yadda abin ya faro. Kafin madatsa, Gungawa suna zaune a gungunan tsakiyar Kwara, suna noman albasa da ban ruwa, suna su, suna fito. Yaron gungu ba ya zuwa ko'ina sai ta ruwa, saboda haka iyo da tafiya kusan tare yake koyon su. Ba makaranta aka buɗe masa ba, zaman ne da kansa yake koyarwa. Ƙarfin mutanen nan a ruwa sananne ne tun zamanin da: kogin nan ne Mungo Park ya bi ya wuce Yauri, ya je ya halaka a gurguzun duwatsun Busa cikin 1806, alhali mutanen ƙasa suna ratsa waɗannan wurare da jiragensu. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur, sai ruwa ya taru ya zama tabki mai tsawon mil 80 da 'yan kai. Ya haɗiye gungunan da yawa, ya haɗiye tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka mai da su sababbin ƙauyuka a tudu. Watau a shekara ɗaya an raba jama'a da malaminsu na ruwa, aka kuma ba su ruwan da ya fi na dā faɗi da zurfi da igiya. Kogi yana da gaɓa biyu da ido ke gani, tabki kuwa in iska ta taso a tsakiyarsa sai ka ce teku. Har wa yau akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, suna tsaye a ƙarƙashi, suna jiran cikin jirgi.

Sa'an nan inji ya shigo. Ba a ƙi inji ba, gama ya rage wahala ya gajarta tafiya, albasa da shinkafa da busasshen kifi suna isa kasuwa a kan kari. Amma filafili yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da ta tafi. Mai filafili ya san nauyin jirginsa a kafaɗarsa. In an ƙara buhu ɗaya, hannunsa ne zai fara gaya masa. Ya san inda ruwa ke juyawa, ya san launin ruwan da ke bisa kututture, domin a hankali yake tafiya, idonsa yana ƙasa. Mai inji kuwa, in ba a ruwa ya girma ba, abin da ya sani shi ne mai da kuɗin fito.

Ranar 26 ga Mayu 2021 ba mai manta ta a ƙasar Ngaski. A ranar ne wani jirgin katako da ke tafe tsakanin jihar Neja da Wara ya tsage ya nutse. Mutanen da ke ciki sun haura 150, waɗanda aka tsamo da rai kuwa ashirin ne da 'yan kai. Aka kwana da kwanaki ana tsamo gawa, da mata da ƙananan yara a ciki. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Cikin Oktoba 2023 kuma wani jirgin ya kife da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa kasuwar Yauri daga wajen Agwara. Kowa ya san abin da ke jawo irin wannan: lodi fiye da kima, tsufan katako, tafiyar dare, iska, kututture, da rashin rigar ruwa. Ba mai hankalin da zai ce iyo kaɗai zai fid da mutum daga tsakiyar tabki. Amma a tambayi waɗanda suka taɓa aikin ceto. Wanda ya saba da ruwa, in ya faɗa ba ya ruɗewa, yakan nemi jarka ko katako ya rungume, ya bar kayansa su tafi, ya jira taimako. Wanda bai saba ba, yakan ƙanƙame na kusa da shi su tafi tare. Kuma su wa ke isa wurin da farko? Ba jami'ai daga Lakwaja ko Birnin Kebbi ba, duk ƙoƙarinsu, gama tafiya ce mai nisa. Masunta ne da masu nutso na ƙauyen da ke kusa. To, waɗannan masu nutso a ina aka yi su? A mashayar nan da aka bari ciyawa ta cinye.

Akan ji mutane suna ta'aziyya da cewa wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Gaskiya ne, hadisi ya tabbatar da haka, sanyi ne kuwa ga zuciyar iyaye. Amma darajar mamaci ba ta wanke sakacin mai rai. Malamai sun sani sarai ceton wanda ke nutsewa farilla ce ta kifaya, har akan yanke salla dominsa. Sun kuma san ƙa'idar usulu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Garin da ke bakin ruwa, in ya wayi gari ba mai iya ceto a cikinsa, laifin ya hau kan kowa, har da liman.

Magabata ba su ɗauki wannan abu wasa ba. An ruwaito Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya aika wa mutanen Sham da umarni su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi. Jahizu ya kawo labarin Hajjaju ɗan Yusufu, cewa ya umarci malamin 'ya'yansa ya fara koya musu iyo kafin rubutu, bisa hujjar cewa mutum yana samun mai rubuta masa, amma ba ya samun mai yi masa iyo. Hajjaju dai an san halinsa, ba abin koyi ba ne a mulki, amma a nan ya faɗi daidai. Annabi da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kā da shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya sa an yi sukuwar dawaki a Madina. Wanda ya karanta Muhtasar na Shaihu Halilu ya san akwai babin tsere a bayan babin jihadi. An halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbi, sauran kuwa an halatta su in ba a sa kuɗi ba, masu sharhi kuma sun ambaci tseren jirage da gudu da kokawa a cikinsu, muddin nufin shi ne amfanin Musulmi. Ashe tseren kwalekwale yana da gurbi a littafin da ke jingine a zauren kowane babban malami.

Ga kuma abin da ya sa waɗansu malamai suka juya wa bakin ruwa baya, ba a kuwa ce ba su da hujja ba. Suna cewa wurin ya zama na kaɗe-kaɗe da cuɗanyar maza da mata, da tsiraici, da caca a kan wanda zai ci tsere, wani lokaci har da yanka domin iskokin ruwa. Duk wanda ya ce babu waɗannan ya yi ƙarya. Amma in ƙuda ya faɗa a ƙwarya, ƙudan ake cirewa. Da malamai suka janye, ba a daina caca ba, ba a daina cuɗanya ba, abin da aka daina shi ne koyarwa. Sa'an nan akwai tsoron tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini wanda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda ƙananan dodon koɗi suke. Wannan tsoro ne na gaskiya. Maganinsa a zaɓi wuri mai yashi inda ruwa ke motsi, a share ciyawa, a hana bawali da bayan gida a wurin, a kuma karɓi ƙwayar maganin da ma'aikatan lafiya ke rabawa yara. Ai yaran nan ko an hana su koyo suna shiga ruwan, wanki da ɗiban ruwa da wankan jiki duk a can suke yi. Suna ɗaukar ciwon, ba su ɗauki iyon ba.

A nan maganar ta zo kan masu allo kai tsaye. Almajirai nawa ne a Yelwa da Ngaski da Wara da Shanga waɗanda aka kawo daga ƙasar tudu, daga inda ba a san ruwan da ya wuce rijiya da kududdufin damina ba? Uba ya kawo ɗansa ya danƙa, ya ce Malam ga amana. Ranar Alhamis yaron nan zai ɗauki tsummansa ya bi 'yan'uwansa zuwa gaɓa wanki, ba babba tare da su. Gaɓar tabki kuwa mayaudariya ce, taku uku ruwa a gwiwa, na huɗu rami. Malamin da ya koya wa yaro izu goma, ya bar shi bai san yadda zai ɗaga kansa bisa ruwa ba, bai gama riƙon amanar ba tukuna.

Sai a ce, ai ga Rigata an farfaɗo da ita. Madalla da haka. Sunan dai na Turawa ne bakin mutane ya lanƙwasa, amma abin na gida ne, gama dattawa suna cewa asalinsa fitar da jarumawan Gungawa ke yi cikin jirage da zago domin farautar dorina da nuna gwaninta a gaban Sarki. Bayan ta yi shekaru a kwance, gwamnatin jihar Kebbi da masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Yauri Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gado cikin 1999, Allah ya ja zamaninsa, suka tashe ta, baƙi suna zuwa, gari yana cika, masu abinci da masu masauki suna samu. Ba mai hassadar wannan. Argungu ma da bikinta, wanda aka soma cikin 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, haka ta yi suna a duniya da su da kabanci. Amma biki girbi ne. Abin da aka shuka a mashaya cikin shekara shi ake nunawa ranar taro. In ana girbi ba a shuka, wata rana za a kafa rumfuna, a jera kujeru, a kira manyan baƙi, sa'an nan a rasa matuƙa sai an yi haya daga wata ƙasa. Kukan masu filafili ke nan, sun kuwa fi kowa sanin abin da suke faɗi, tun da su ne ake nema in bikin ya matso, a manta da su in an watse.

Gyaran ba ya bukatar kwangila. A kowace unguwa ta gaɓa, mai unguwa da Sarkin Ruwa da liman su zaɓi wuri, a share shi, a kafa turaku a ɗaura igiya, iyakar da yaro ba zai ƙetare ba. A nemi dattijo ɗaya ko biyu cikin Gungawa ko Sarkawa ko Lopawa waɗanda aka yarda da hankalinsu da addininsu, a ce wannan aikinku ne, ga kuma abin hasafi duk wata. Lokaci kuwa yana nan a shirye: hutun Alhamis, wanda malamai ke cewa Sayyidina Umaru ne ya sunnanta wa 'yan makaranta. Wanda ya ba da hutun shi ne ya yi umarni da iyon, sai a haɗa masa biyun. Gardi ya rako yara da hantsi, ya ƙirga su a shiga, ya ƙirga su a fita, kowa da wandonsa har gwiwa. A koya musu kwanciya bisa ruwa, da riƙon gora ko jarka, da yadda ake miƙa wa mai nutsewa sanda ko igiya maimakon a faɗa masa, da yadda ake ɗaura rigar ruwa. Manya cikinsu a ba su filafili.

'Yan mata fa? Su ne aka fi mantawa, su da iyayensu mata ne kuwa suka fi cika jirgin kasuwa, ga zane mai nauyi, ga goyo. A keɓe musu wuri da zana, mata tsofaffi na gungu waɗanda suka iya su koya musu, namiji kada ya kusanci wurin. Shari'a ba ta hana mace sanin abin da zai tsirar da ita da jaririnta ba.

Kuɗin kuwa, alhazai, a wuyanku yake, domin ku ne kuka fi kowa cin moriyar ruwan nan. Abin da ake bukata bai kai ribar jirgi ɗaya na albasa ba: kwalekwale biyu ko uku a yi waƙafinsu ga unguwa, da kwalta da auduga na toshe yoyo, da igiya, da rigunan ruwa goma ko ashirin na koyo, da hasafin dattijon. Mai gina masallaci a inda akwai uku a layi ɗaya, ya duba ko wannan sadaka ba ta fi gudana ba. In ƙungiyar masu jirage da ta 'yan kasuwa sun yanka ɗan abu kaɗan kowace ranar kasuwa, a sa shi hannun mutum biyu amintattu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, ya isa. A kula da wannan karanta lissafin, gama abin da ya kashe asusu da yawa a ƙasar nan shi ne shiru. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan madatsun lantarki, ta raba rigunan ruwa a garuruwan gaɓa, an gode, amma riga a rataye a ƙusa ko an mai da ita matashin kai ba ta ceton kowa. Sai wanda ya saba da ita tun yana yaro zai neme ta kafin ya zauna.

Kuma ku tuna da abin da ke cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, cewa mai jirgi ba ya cin kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi alkawari. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa in an ji tsoron nutsewa, kaya ake zubarwa a raba hasarar tsakanin masu dukiyar ciniki, ba a taɓa ɗan Adam. Shari'ar da ta sa rai gaba da buhu a tsakiyar ruwa, ba za ta yarda a sa buhu gaba da rai a tasha ba. Sau da yawa ba mai jirgi kaɗai ke yin lodi ba, mai kaya ne ke roƙo a ƙara masa biyar domin kada kasuwa ta tashi. Yaron da ya taɓa kife kwalekwale da gangan a mashaya, ya ga yadda ɗan nauyi kaɗan a gefe ɗaya ke juya shi, in ya girma ya zama ɗan kasuwa ba zai yi wannan roƙo ba, in ya zama matuƙi ba zai karɓa ba.

Abu ɗaya ya rage ga waɗanda za su kafa turakun. Ruwan Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Yakan ja baya ƙwarai kafin damina ta kankama, sa'an nan ya cika da ruwan damina, ya kuma sami ƙari cikin hunturu daga ruwan da ya taso tun daga Gini da Mali. Wurin da ke daidai ƙugu a wannan wata yana iya shanye mutum a wata mai zuwa. Saboda haka kada a kafa igiya a tafi a bar ta. Dattijon da aka naɗa ya shiga da sandarsa kowace Laraba da la'asar ya gwada zurfin, ya matsar da turakun in sun bukaci matsarwa, kafin yara su zo da safe.